Kafin Facebook, Akwai Mai Allo

A watan Janairun 1978 dusar ƙanƙara ta rufe birnin Shikago na Amurka, ta toshe hanyoyi, ta hana mutane fita aiki. Cikin waɗanda ta tsare a gida akwai wani ma'aikacin kamfanin IBM mai suna Ward Christensen. Da ya ga babu damar fita, sai ya buga wa abokinsa Randy Suess waya, suka tayar da wata magana da suka daɗe suna juyawa. Su biyun 'yan wata ƙungiya ce ta masu sha'awar kwamfuta da ake kira CACHE, kuma a wurin taron ƙungiyar akwai allon da ake manna 'yan takardun sanarwa: wane yana sayar da kaza, wane yana neman wanda zai rage masa hanya, taro na gaba ranar kaza. Aibin allon ɗaya ne, sai ka taka ka je kafin ka karanta. To me zai hana a sa allon cikin kwamfuta, a haɗa ta da layin tarho, kowa ya kira daga ɗakinsa ya karanta, ya bar nasa saƙon?

Christensen ya so a kai maganar gaban ƙungiya. Suess ya ƙi, ya ce muddin aka kafa kwamiti aikin ba zai taɓa ƙarewa ba, gara su biyu su yi abinsu. Suka raba aiki: Christensen ya rubuta manhaja, Suess ya harhaɗa ƙarafa. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan Suess aka girke na'urar, domin shi ne ke zaune cikin birni, kiran lambarsa ba zai ci wa yawancin 'yan ƙungiya kuɗi ba. Ya yi mata wata 'yar dabara yadda duk sa'ad da tarho ya yi ƙara kwamfutar za ta tashi da kanta ta amsa. Ranar 16 ga Fabrairun 1978 aka buɗe layi. Suka sa mata suna CBBS, kuma daga nan ne duk irin wannan allo ya samo gajeren sunansa na BBS.

Abin da suka yi bayan haka ya fi ƙirƙirar kanta girma a wurina. Ba su nemi haƙƙin mallaka ba, ba su kafa kamfani ba. A watan Nuwamban wannan shekara suka rubuta bayanin yadda suka yi a mujallar Byte, dalla-dalla, don duk mai so ya yi nasa. Mutane kuwa suka yi.

In ana ba da tarihin intanet, yawanci da ARPANET ake farawa, wato hanyar sadarwar da ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauki nauyinta, wadda ta fara aiki a 1969. Gaskiya ne daga can wayoyin da ƙa'idojin suka samo asali. Amma ARPANET ta jami'o'i ce da cibiyoyin bincike. Talaka ba shi da ƙofar shiga, kuma haka abin ya zauna shekara ashirin da 'yan kai. Ɗabi'un da muka sani yau, irin su hira da wanda ba ka taɓa gani ba, da muhawarar da ke ɗaukar mako guda, da laƙabin da mutum ke ɓuya a bayansa, da korar mai tada fitina, da raba waƙa da hoto da wasa, talakawan kwamfuta sun koye su ne a allunan da 'yan'uwansu suka girke a gidajensu da kuɗin aljihunsu. Wani masani mai suna Kevin Driscoll ya yi littafi sukutum a kan wannan a 2022, The Modem World, kuma ina ganin hujjarsa ta tsaya da ƙafarta.

Ba daga sama abin ya faɗo ba. Tun 1973 wasu matasa a Berkeley ta jihar Kalifoniya, cikinsu har da Lee Felsenstein, suka ajiye na'urar buga rubutu a bakin wani shagon sayar da fayafayan kiɗa, duk mai wucewa ya rubuta saƙo ya karanta na wasu. Community Memory suka kira ta. Sai dai ita ma sai ka je wurin. Kafin allo ya shigo ɗakin kowa, sai da abubuwa da dama suka haɗu. A 1968 hukumar sadarwa ta Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Carterfone cewa kamfanin AT&T ba shi da ikon hana mutane jona na'urorin da ba nasa ba a layinsa. A 1977 ƙananan kwamfutoci irin su Apple II da TRS-80 da Commodore PET suka shigo kasuwa. A wannan shekarar dai Christensen ya rubuta XMODEM, wata hanyar aika fayil ta tarho: a yanka shi gutsure-gutsure na bait 128, a duba kowane gutsure in ya isa lafiya, in hayaniyar layi ta ɓata shi a sake turowa. Ita ma kyauta ya saki. A 1981 kamfanin Hayes ya fito da modem, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, wanda ke buga lamba ya kuma amsa kira da kansa. Sannan ga babban dalili wanda ba a cika ambata ba: a yawancin garuruwan Amurka kiran cikin gari kuɗinsa na wata ne, ko ka yi minti ɗaya ko ka kwana a kan layi. Kiran wani gari kuwa da minti ake lissafawa, kuma da tsada. Wannan tsarin kuɗi shi ne ya zana wa allunan iyakarsu.

Bari mu leƙa ɗakin wani mai kira a wajen 1984. Dare ya yi, mutanen gida sun kwanta, domin layin tarho ɗaya ne a gidan kuma muddin yana kai ba wanda zai iya kira ko a kira shi. Ya buga umarni, modem ya danna lamba. Layi a cike. Wani ya riga shi, tun da yawancin alluna mutum ɗaya suke ɗauka a lokaci guda. Ya sake, ya sake, har ya dace. Sai ƙarar tarho, sai wani siririn fito daga can, nasa modem ɗin ya amsa da ƙara mai kama da tsaki da shashshaƙa, sannan shiru. Haruffa su fara bayyana a fuskar kwamfuta daga hagu zuwa dama, kamar talatin a daƙiƙa guda, yadda idonsa zai iya binsu suna fitowa. Da wannan gudu, hoto ɗaya na wayar yau mai nauyin megabait 3 sai ya ci fiye da kwana guda kafin ya sauka. Allon ya tambayi sunansa da kalmar sirri, ya gaya masa shi ne mai kira na nawa, ya kuma tuna masa minti nawa aka ba shi a yau. Ya karanta abin da aka rubuta tun jiya, ya ba wannan amsa, ya yi wa wancan gyara. Amsar tasa ba za a gan ta ba sai wanda zai kira bayansa, ta yiwu gobe. Idan wani a gidan ya farka ya ɗaga kan tarho, sai fuskar kwamfutar ta cika da tarkacen alamomi, layi ya yanke.

Wani lokaci kuma yana cikin karatu sai rubutu ya tsaya, wasu haruffa su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, da kurakuran yatsa da gogewa. Mai allo ne da kansa, yana zaune gaban na'urar a gidansa, ya ga baƙo ya shigo ya ce bari su gaisa.

Wannan mutum shi ne ƙashin bayan labarin duka. Allo kamar zauren gida yake: na mutum ɗaya ne sananne, shi ya share, shi ya yi shimfiɗa, shi ke biyan kuɗin fitila, duk wanda ya shigo ya san a zauren wa yake zaune da irin maganar da maigidan ba ya so. Mai allo shi ya sayi kwamfutar, shi ke biyan layi na biyu duk wata, shi ke tashi cikin dare in na'ura ta tsaya. Da yawa sukan kira sabon mai rajista da murya su tabbatar mutum ne na gaske kuma lambar tasa ce. In ka zagi wani, shi zai share maganar, shi zai ja maka kunne, shi zai rufe maka ƙofa in ka ƙi ji. In kuma mulkinsa ya ishe ka, ga wasu alluna a garin, lambobinsu ma a allonsa za ka samu. In ka ga dama ka tara kuɗi ka buɗe naka. Saboda tsadar kiran nesa, waɗanda kake gardama da su mutanen garinku ne. Sukan shirya haɗuwa a gidan cin abinci ko a fili, a ga fuskar da ke bayan kowane laƙabi. Wanda ya san zai iya haɗuwa da kai ranar Asabar yakan tauna magana kafin ya rubuta. Ba koyaushe ba, amma sau da yawa.

Kasuwa ma ta tsiro a wurin ba tare da kowa ya tsara ta ba. Masu alluna suka sa doka cewa sai ka ɗora fayil ɗaya kafin ka sauke kaza, don kada kowa ya zama mai kwasa kawai. A farkon shekarun 1980 Andrew Fluegelman da Jim Button suka fara raba manhajojinsu kyauta, da roƙon cewa wanda ya ji daɗin aiki da su ya aiko da kuɗi. Da wannan salo ne wasanni irin su Wolfenstein 3D a 1992 da Doom a 1993 suka bazu duniya. Fayil ɗin ZIP da har yau muke matse takardu da shi, Phil Katz ne ya fito da shi a 1989, bayan kamfanin da ke da tsarin ARC ya kai shi kotu. Masu alluna suka goyi bayan Katz, suka juya rumbunansu zuwa sabon tsari cikin ɗan lokaci. Wasu alluna suka girma suka zama sana'a, kamar Exec-PC na yankin Milwaukee mai layuka ɗaruruwa. Wasu suka zama majalisar masana, kamar The WELL da Stewart Brand da Larry Brilliant suka buɗe a 1985.

Sai maganar tsallake iyakar gari, wadda ita ce na fi ƙauna a tarihin nan. A 1984 wani mai rubuta manhaja a San Faransisko, Tom Jennings, wanda ya riga ya yi manhajar allo mai suna Fido, ya gwada wata dabara da abokinsa John Madill da ke Baltimore. Maimakon mutum ya kira nesa ya ɗauki lokaci yana karatu kuɗi na tafiya, bari kwamfutocin su tara saƙonnin yini, su ƙulle su wuri ɗaya, sai cikin tsakar dare lokacin da kuɗin kira ya sauka su kira juna su miƙa cikin 'yan mintuna su katse. Aka keɓe sa'a guda kowane dare wadda alluna ba sa karɓar mutane, sai 'yan'uwansu alluna. Wannan ita ce FidoNet. A 1986 Jeff Rush ya ƙara mata tsarin Echomail, yadda muhawara guda za ta riƙa yawo tsakanin ɗaruruwan garuruwa. Saƙo kan bi hannu-hannu, daga ƙaramin allo zuwa na tsakiyar gari, daga nan zuwa na yanki, har ya haye teku. Yakan kwana biyu ko uku a hanya. Kowane zango wani mutum ne ya yarda ya biya kuɗin kiran daga aljihunsa don wasiƙar wanda bai sani ba ta wuce. Aka raba duniya shiyya shida, Afirka ce ta biyar. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 allunan da ke cikin FidoNet sun kusa 40,000.

Babu hedikwata, babu mai kamfani. Dokar zaman tare ma a taƙaice abu biyu ta ƙunsa: kada ka cika damun mutane, kada kuma ka zama mai saurin jin an dame ka. Ba wai an zauna lafiya lau ba ne. Ƙungiyar da aka kafa a 1986 don ta shugabanci FidoNet rigima ta cinye ta cikin 'yan shekaru, kuma faɗan masu riƙe da shiyyoyi ya zama ruwan dare. Duk da haka wasiƙu ba su daina tafiya ba.

A nan ne labarin ya taɓo nahiyarmu. Tsarin Fido an yi shi ne don layi mai tsada da hayaniya da yawan yankewa, kuma irin layin da Afirka ke da shi ke nan. A ƙarshen shekarun 1980, lokacin da duniya ta juya wa Afirka ta Kudu baya saboda mulkin wariyar launin fata, Jami'ar Rhodes ta samu hanyar aika wasiƙun kwamfuta zuwa waje ta Fido, ta hannun Mike Lawrie a can da Randy Bush a birnin Portland na Amurka. A farkon shekarun 1990 kuma ƙungiyar GreenNet da ke Landan ta riƙe wata ƙofa da ake kira GnFido: kwamfutarta takan kira ƙananan cibiyoyi a birane irin su Nairobi da Harare da Dakar da Addis Ababa, ta kwashi wasiƙunsu ta zuba a intanet, ta sauke musu nasu. Daga Landan ake kiran, domin ya fi araha a kan a kira daga Afirka. Ƙungiyoyin sa-kai da malaman jami'a da ma'aikatan lafiya da dama a nahiyar nan ta wannan hanya suka fara ganin imel, da tsohuwar kwamfuta guda da modem da layi ɗaya, shekaru kafin ƙasashensu su samu cikakken intanet. Talakan Kano ko Damagaram kuwa zamanin ya wuce shi bai sani ba, kuma dalilin a fili yake. Alal misali, kafin wayar salula ta fara yaɗuwa a 2001, layukan tarhon Najeriya gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 100. Mu da muka shigo, gidajen manyan kamfanoni muka tarar a buɗe, shi ya sa da yawanmu ke zaton haka intanet take tun asali.

Kada son abin ya rufe mana ido. Yawancin masu kiran alluna maza ne, farare, 'ya'yan masu hali, domin kwamfutar IBM ta 1981 farashinta daga dala 1,565 ya fara, ban da modem. Mace in ta shigo da sunanta takan sha damu. Akwai allunan da aikinsu raba manhajar sata ne da lambobin katin kira na mutane. Ƙungiyoyin masu ƙin baƙar fata da Yahudawa sun buɗe nasu tun 1984. Mai allo yana iya karanta wasiƙar sirrin kowa in ya so, kuma akwai azzalumai cikinsu da ke korar mutum don kawai ya saɓa musu. A ɗaya gefen, allunan ne suka zama mafaka ga kurame, da naƙasassun da fita ke yi musu wuya, da masu cutar ƙanjamau a lokacin da jama'a ke gudunsu, suna musayar labarin magani da ta'aziyya.

Tambayar da ke damun majalisun duniya yau, wato wa ke da alhakin abin da wani ya rubuta a dandalinka, a kan masu alluna aka fara yin ta. A 1984 'yan sanda a Los Angeles suka kwashe kwamfutar wani mai allo, Tom Tcimpidis, saboda wani ya manna lambar katin kira ta sata a allonsa. Daga baya aka janye tuhumar. Ranar 1 ga Maris 1990 jami'an tsaron sirri na Amurka suka dira kamfanin wasanni na Steve Jackson a Austin ta jihar Texas, suka tafi da kwamfutar allonsa da wasiƙun mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Kamfanin ya kusa durƙushewa. Wannan na cikin abin da ya sa Mitch Kapor da John Perry Barlow da John Gilmore suka kafa ƙungiyar EFF mai kare haƙƙin masu amfani da kwamfuta a shekarar, kuma a 1993 kotu ta ba Jackson gaskiya. A Italiya, a watan Mayun 1994, jami'an tsaro suka kai samame kan allunan FidoNet masu yawa da sunan farautar manhajar sata, kan mai uwa da wabi, har wasu suka rufe ba su sake buɗewa ba. A 1996 majalisar Amurka ta yi dokar da ake kira Sashe na 230, wadda ta ce mai dandali ba shi ne mawallafin abin da wasu suka rubuta ba. An yi ta ne lokacin da dandalin da ya fi kowanne girma bai wuce mutum 'yan miliyoyi ba. Yau kamfanoni masu biliyoyin mutane ne ke fakewa a inuwarta.

A 1994 mujallar InfoWorld ta ƙiyasta cewa akwai alluna kusan 60,000 a Amurka kaɗai, da masu amfani da su miliyan 17. Shekara uku bayan haka yawancinsu sun mutu. Cibiyar CERN ta saki fasahar yanar gizo kyauta a watan Afrilun 1993, manhajar Mosaic ta zo da hotuna, Netscape ta biyo baya a 1994, Windows 95 ta sauƙaƙa haɗuwa da intanet, sannan a Disambar 1996 kamfanin AOL ya ce a biya dala 19.95 a wata a yi ta shiga ba iyaka. Wanda zai iya kiran lamba ɗaya ya ga duniya, me zai sa ya jira layin maƙwabcinsa ya sauka? Masu allunan da ke da layuka da yawa suka rikiɗe suka zama masu sayar da intanet a garuruwansu, har babban taron shekara-shekara na mujallar masu alluna, Boardwatch, ya canza suna ya koma na masu sayar da intanet. Sauran suka kashe na'ura wata rana da dare, suka mayar wa kamfanin tarho layinsa. Abin da ya tsira daga rubuce-rubucen wancan zamani, kaso mai yawa albarkacin Jason Scott ne, wanda ya fara tattara su a 1998 ya kuma fitar da dogon fim na hira da mutanen a 2005. Suess ya rasu a 2019, Christensen a 2024, ba wanda ya yi arziki da abin a cikinsu.

Ba ko'ina wutar ta mutu lokaci ɗaya ba. A Rasha FidoNet ta yi ƙarfi har cikin shekarun 2000. A ƙasar Sin, Ma Huateng, wanda ya kafa kamfanin Tencent mai WeChat a 1998, mai allon Fido ne a Shenzhen a 1995. A Taiwan kuma wani ɗalibin Jami'ar Ƙasa ya buɗe PTT a 1995, allo mai rubutu zalla da ake shiga ta intanet, ba talla ba riba, ɗalibai da 'yan sa-kai ke riƙe da shi. Har yau yana raye, kuma ya taka rawa a wata zanga-zangar ɗalibai da aka yi a can a 2014. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa ba dole ba ne dandalin jama'a ya zama na ɗan kasuwa.

To ina aka dosa? Abin da muka samu a madadin alluna ba ƙarami ba ne, kuma ba na cikin masu cewa a koma baya. Tsohuwa a ƙauye tana aika wa ɗanta da ke Saudiyya saƙon murya ba tare da ta iya karatu ba. Babu allon da ya taɓa yin haka. Amma a duba abin da aka bayar. Mai kula da rukunin WhatsApp ko na Facebook a yau yana yin duk wahalar da mai allo ya yi: shi ke sasanta faɗa, shi ke share ƙarya, shi ake zagi, a wasu ƙasashe ma shi ake kamawa. Sai dai ba shi da komai a wurin. Na'urar ba tasa ba ce, jerin mutanen ba nasa ba ne, dokar ba shi ya rubuta ba, kuma abin da mutanensa za su fara gani a Facebook wani lissafi ne ke zaɓa, lissafin da aka gina don a daɗe ana kallo a ga talla. In aka rufe masa shafi, babu lambar mutumin da zai kira. An bar masa nauyin, an ɗauke ikon.

Mun kuma ga abin da ke faruwa idan kowa ya taru a gida ɗaya. Yahoo ta rufe GeoCities a 2009 da miliyoyin shafukan mutane a ciki. MySpace ta amsa a 2019 cewa waƙoƙin da aka ɗora mata cikin shekara goma sha biyu sun salwanta. Ranar 4 ga Oktoban 2021 kuskure ɗaya a kamfani ɗaya ya ɗauke Facebook da WhatsApp da Instagram na kusan sa'a shida a duniya baki ɗaya. Gwamnatin Najeriya ta toshe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, sannan a Oktoban 2022 mutum ɗaya ya saye shi a kan dala biliyan 44 ya sauya masa dokoki da suna yadda ya ga dama. A zamanin alluna 60,000, rufe ɗaya ko ɗari ba ya hana sauran magana.

Shi ya sa wasu suka koma ga tsohuwar dabarar Jennings da sabon kaya. Mastodon, wadda Eugen Rochko ya fara a Jamus a 2016, dubban ƙananan dandali ne masu zaman kansu, kowanne da mai shi da dokarsa, suna miƙa wa juna saƙo ta ƙa'idar ActivityPub da aka amince da ita a 2018. A yankin Kataloniya na Sifen mutane sun gina hanyar sadarwarsu ta guifi.net tun 2004, a ƙauyen Mankosi na Afirka ta Kudu kuma jama'a ne ke da Zenzeleni, su ke gudanar da ita. Da sauran rina a kaba, domin ciwon da ya damu masu alluna bai warke ba: ɗan sa-kai yakan gaji, kuɗi kan ƙare, rigimar shugabanci kan raba kan mutane, kuma jama'a sun fi son inda 'yan'uwansu suka riga suka taru. Ban ga alamar waɗannan za su ture manyan kamfanoni nan kusa ba. Amma yanzu da na'ura ke iya ƙirƙirar rubutu da murya da fuskar mutum, har ba ka san ko da ɗan Adam kake magana ba, ina ganin darajar ƙaramin wuri mai sanannen mai shi, wanda ya san mutanensa ɗaya bayan ɗaya, za ta ƙaru ne ba raguwa ba.

Mu abin ya fi shafa, domin harshenmu bai da rumbu mai zurfi a intanet. Littattafan Hausa nawa ne yau ake rubutawa babi-babi a rukunonin WhatsApp da Facebook, da muhawarar malamai, da tarihin garuruwa da dattawa ke bayarwa, duk a ajiye a na'urorin kamfanonin da ba su yi mana alkawarin adana ko layi ɗaya ba? Kwamfutar da za ta riƙe dandalin mutum dubu a yau ba ta kai kuɗin babur ba. Ina kira ga sassan Hausa na jami'o'inmu, da ƙungiyoyin marubuta, da matasanmu masu ilimin kwamfuta, su buɗe dandali nasu ko da ƙarami ne, su sa masa mai kula da aka sani da suna, su kwafe abin da ake rubutawa su adana a hannunsu. Kai kuma mai riƙe da rukuni, ka fara da naka a wannan makon.